Minti na 77: yadda magoya bayan wani kulob a Ingila suka taka wa farashin tikiti birki

Kulob ɗin da wannan nazari ya shafa shi ne Liverpool, wanda ke birnin Liverpool mai tashar jiragen ruwa a arewa maso yammacin Ingila. Yana buga gasar Firimiya, magoya bayansa sun bazu ko'ina a duniya, amma unguwar da filinsa yake tana cikin unguwannin da talauci ya fi yi wa katutu a ƙasar. Rigimar kuɗin shiga kallo tsakaninsa da mutanensa ta shafe fiye da shekara ashirin tana ci ƙasa-ƙasa kafin ta fito fili a Fabrairun 2016. Da ta fito kuwa, kwana takwas kacal aka yi tsakanin sanar da sabon farashi da janye shi.

## 1989 zuwa 1994: daga tsayuwa zuwa zama

A shekarun 1980, masu ƙaramin ƙarfi a Ingila a tsaye suke kallon ƙwallo. Bayan kowace raga akwai matakalar siminti, mutum ya biya a ƙofa, ya shiga ya nemi inda zai sa ƙafa. A wannan kulob, kuɗin shiga wurin tsayuwa a 1990 fam 4 ne.

Ranar 15 ga Afrilu 1989 aka yi turmutsutsu a filin Hillsborough da ke Sheffield, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA. Mutum 96 suka rasu sanadiyyar haka, na 97 ya cika a 2021, dukansu magoya bayan wannan kulob. Gwamnati ta ɗora wa Mai Shari'a Peter Taylor binciken abin da ya faru. Rahotonsa na ƙarshe ya fito a Janairun 1990 da shawarar a soke tsayuwa a zuba kujeru, aka kuma ba kulob-kulob na manyan rukunoni biyu wa'adi zuwa Agustan 1994.

Tun a lokacin magoya baya suka ce kujera za ta zo da tsada. Taylor ya amsa musu a cikin rahoton cewa ana iya tsara farashi yadda kujeru mafi araha za su dace da aljihun masu biyan kuɗin tsayuwa, har ya kawo misalin filin Ibrox na Glasgow, inda zama yake fam 6, tsayuwa fam 4. Maganar kujeru ta zama doka. Maganar farashi ba a sa ta cikin kowace doka ba.

A ƙarshen Afrilun 1994 aka yi kallon ƙarshe a tsaye a bayan ragar da kulob ɗin ya yi suna da ita. Wurin da a wani zamani yake ɗaukar fiye da mutum 20,000 ya koma kujeru 12,000 da 'yan kai. Shekara biyu kafin nan, a 1992, an kafa gasar Firimiya, tare da yarjejeniyar nuna wasanni a talabijin ta fam miliyan 304 na shekara biyar. Wurin zama ya ragu daidai lokacin da talabijin ke ƙara wa wasan masu sha'awa.

## 1994 zuwa 2012: hawan da ba a ji ƙararsa ba

Ba a taɓa yin ƙari ɗaya mai girgiza mutane ba a wannan tsakani. Fam ɗaya bana, fam biyu baɗi. Magoya bayan da kansu suka tattara lissafin daga baya a kan wani ƙyalle da suka ɗaga a fili: 1990 fam 4, 2000 fam 24, 2010 fam 43, sai 2020 da alamar tambaya. Da tsadar kayayyaki kawai farashin ya bi, fam 4 na 1990 ba zai kai fam 10 ba a 2010.

Abu uku suka riƙe wannan hawa. Na farko, masu neman tikiti sun fi kujeru yawa nesa ba kusa ba, kuma jerin masu jiran tikitin kaka, wato wanda ke shigar da mutum duk wasannin gida na gasa, ya kai dubbai. Wanda ya yi fushi ya saki nasa, kafin ya juya wani ya ɗauka, shi kuma sai ya koma ƙarshen layi. Na biyu, tsarin raba wasanni aji-aji, A da B da C, inda karawa da manyan kulob ta fi tsada. Wannan ya fi cin magoya bayan manyan kulob idan suka bi ƙungiyarsu waje, domin duk filin da suka je su ne wasan ajin A. Na uku shi ne wanda ya fi ɗaure mutane: kulob yana lissafa wa kowa yawan wasannin da ya saya, kuma da wannan lissafi ake tantance wanda za a fara sayar wa tikitin waje da na wasan ƙarshe. Ƙaurace wa wasa ɗaya na iya jawo wa mutum asarar matsayin da ya yi shekaru yana tarawa.

A farkon 2008 magoya bayan suka kafa ƙungiyarsu mai rajista da kuɗin mamba da zaɓaɓɓun shugabanni. Ba don tikiti aka kafa ta ba, don yaƙar wasu Amurkawa biyu ne da suka sayi kulob ɗin suka jibga masa bashi. A Oktoban 2010 wani kamfanin Amurka ya saye shi a kan fam miliyan 300. Wancan yaƙi ya ƙare, ƙungiyar ta ci gaba da zama, ta mayar da hankalinta kan farashi.

## 2013 zuwa 2015: abubuwan da aka gwada

A Janairun 2013 Manchester City ta mayar wa Arsenal tikiti kusan 900 da magoya bayanta suka ƙi saya a kan fam 62. A watan ne gamayyar magoya bayan ƙwallo ta Ingila da Wales ta ƙaddamar da fafutukar kada tikitin baƙi ya wuce fam 20. A Yuni, magoya bayan wannan kulob suka haɗu da na abokan gabarsu na gargajiya suka yi tattaki zuwa ofishin gasar Firimiya a Landan. Abin da ya biyo baya shi ne kowane kulob ya amince zai riƙa ware fam 200,000 a kaka don sauƙaƙa wa masu bin ƙungiya waje. Wasu suka sa kuɗin a motocin kai 'yan kallo, wasu suka rage 'yan fam kaɗan a tikiti. Tikitin gida bai motsa ba.

A kakar 2014/15 aka koma cikin fili. Aka ɗaga ƙyallaye masu rubutu, ciki har da mai lissafin nan na shekaru. A Nuwamba, a wasa da Stoke, matasan da ke kula da manyan tutocin bayan raga suka ƙi fito da su. Hotunan sun shiga jaridu, amma kujeru a cike suke.

A Afrilun 2015 aka gwada ƙauracewa. Hull ta sa wa magoya bayan kulob ɗin fam 50, alhali a kakar nan ta karɓi fam 16 daga magoya bayan Stoke a wuri ɗaya. Don kada mutane su rasa lissafinsu na wasanni, ƙungiyar ta ba da dabarar a sayi tikitin yara na fam 10 a zauna a gida. An ga gurabe a ɓangaren baƙi a daren wasan. Sai dai fili na wani ne, farashin ma na wani ne, masu wannan kulob ba su rasa ko sisi ba.

Wata biyu kafin nan, a Fabrairun 2015, gasar Firimiya ta sayar wa tashoshin talabijin na Sky da BT Sport haƙƙin nuna wasanni a cikin gida na 2016 zuwa 2019 a kan fam biliyan 5.136, ƙarin kusan kashi 70 cikin ɗari a kan yarjejeniyar baya. Daga nan hujjar magoya baya ta sauya. A da suna cewa ba za su iya biya ba. Yanzu suka ƙara da cewa kulob ba ya buƙatar kuɗin nasu kamar da.

Ana cikin haka, kulob ɗin ya kafa kwamitin tattaunawa kan tikiti da wakilan magoya baya. An yi wata 13 ana zama. Wakilan suka nemi a rage farashi, a soke raba wasanni aji-aji, a ƙara wa matasa da 'yan gari gurbi. A lokacin ana sake gina babban ɓangaren filin, aikin da zai ƙara kujeru kimanin 8,500 ya kai filin wajen 54,000, kuma wakilan sun sa rai ƙarin kujeru zai ba da damar sassauci.

## 2 zuwa 5 ga Fabrairu 2016: sanarwa

Ranar 2 ga Fabrairu kulob ɗin ya fitar da farashin kakar 2016/17. Tikitin wasa mafi tsada zai tashi daga fam 59 zuwa fam 77, ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari. Tikitin kaka mafi tsada zai tashi daga fam 869 zuwa fam 1,029, karon farko da zai haura dubu. A lokacin mafi ƙarancin albashi a Birtaniya ga mai shekara 21 zuwa sama fam 6.70 ne a awa, wato fam 77 ladan aikin awa goma sha ɗaya da rabi ke nan.

Kulob ɗin yana da nasa lissafin, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya ce kashi 64 cikin ɗari na tikitin kaka za su tsaya yadda suke ko su sauka, kashi 45 na tikitin wasa ɗai-ɗai za su sauka, akwai tikitin fam 9 ga 'yan gari a wasu wasanni, da rangwame ga matasa. Fam 77 ɗin kuwa kujeru 200 kawai ya shafa, a manyan wasanni shida. Wakilan magoya baya suka ce ba kujeru 200 ake magana ba, jimillar kuɗin da za a karɓa daga aljihun 'yan kallo ake magana, kuma a lissafinsu sabon tsarin zai ƙara wa kulob kimanin fam miliyan 2 daga ƙarin farashi kaɗai, ban da na sababbin kujeru. Suka ce wata 13 ɗin da aka yi ana zama bai sauya komai ba.

Ƙungiyar magoya baya da matasan tutoci suka yi kira ɗaya: a zo wasan Asabar, a shigo da baƙaƙen tutoci, idan agogo ya nuna minti 77 kowa ya tashi ya fita. Kafin wasan, shugaban gudanarwar kulob ya fito ya kare farashin, ya gargaɗi magoya baya da su yi hattara da abin da suke nema.

## 6 ga Fabrairu 2016: ficewa

Wasan gasa ne da Sunderland, wadda ke can ƙasan teburi. 'Yan kallo 44,000 da 'yan kai suka shiga. Kocin kulob ɗin ba ya wurin, yana asibiti an yi masa tiyata. Masu gida suka ci ɗaya, suka ƙara na biyu, wasa yana hannunsu.

Da minti 77 ya matso, bayan raga ya ɗauki waƙar kulob, daga nan aka koma rera wa masu kulob cewa haɗamarsu ta isa haka. Sai aka fara tashi. Ba bayan raga kaɗai ba, har ɓangarorin da dattawa da masu tikiti mai tsada ke zama. An ƙiyasta waɗanda suka fita sun kai 10,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na filin, cikinsu har da wani tsohon ɗan bayan kulob ɗin da ya buga masa wasa fiye da 700 kuma ya koma sharhi a talabijin. Wannan ne karo na farko a tarihin kulob ɗin da mutanensa suka shirya barin fili ana tsakiyar wasa.

A minti na 82 Sunderland ta farke ɗaya da bugun tazara. A minti na 89 Jermain Defoe ya farke na biyu. Aka tashi 2-2. Babu wanda zai iya tabbatar da cewa ficewar ce ta jawo ƙwallayen, amma haka labarin ya zagaya duniya a daren: kulob yana gaba da biyu, mutanensa suka fita, ya zubar da maki biyu a gaban kujerun da ba kowa.

## 7 ga Fabrairu zuwa 9 ga Maris 2016: janyewa

Washegari aka ji masu kulob sun shiga taron gaggawa. Gamayyar magoya baya ta ƙasa ta fara maganar shirya ficewa a filaye da dama a rana ɗaya. Ranar 9 ga wata, a Jamus, magoya bayan Dortmund suka yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili a wasan kofi da Stuttgart, su ma kan tsadar tikiti. Ranar 10 maganar ta shiga majalisar dokokin Birtaniya, inda Firayim Minista David Cameron ya yarda cewa akwai matsala idan kulob na ƙara farashi da sauri haka alhali kaso mai yawa na kuɗin ƙwallo daga kamfanonin talla da sayar da kaya yake fitowa.

A yammacin ranar manyan masu kulob uku suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa. Suka nemi gafara, suka musanta haɗama, suka ce ba su taɓa cire ko kwabo daga kulob ɗin ba, suka kuma ce saƙo ya iso. Tikiti mafi tsada zai tsaya a fam 59 na kaka biyu. Tikitin kaka mafi tsada zai tsaya a fam 869, mafi araha ya sauka zuwa fam 685. An soke raba wasanni aji-aji, kujera ɗaya kuɗi ɗaya ko da wa ake karawa. Tikitin fam 9 zai kasance a kowane wasan gasa, guda 10,000 a kaka. Kuɗin da kulob ke samu daga tikitin gama-gari, wato wanda ba na kujerun manyan baƙi ba, ba zai wuce na 2015/16 ba, in ban da na sababbin kujeru.

Ranar 9 ga Maris kulob 20 na gasar Firimiya suka amince baki ɗaya cewa tikitin baƙi ba zai wuce fam 30 ba na kaka uku. Ba fam 20 ɗin da aka nema ba ne, amma an yi ta sabunta wannan iyaka bayan wa'adin farko ya cika.

## 2016 zuwa 2025: bayan ƙura ta lafa

Alkawarin kaka biyu ya zarce. Fam 59 ya tsaya har ƙarshen kakar 2022/23. Sabon ɓangaren ya buɗe a Satumban 2016, kuma kusan rabin ƙarin kujerunsa na manyan baƙi ne, waɗanda ake sayarwa haɗe da abinci da ɗakin hutawa a farashin da wancan alkawari bai shafa ba. Bayan yunƙurin kafa gasar Super League ta Turai a Afrilun 2021, wanda kulob ɗin ya shiga ya fita cikin kwana biyu, aka kafa majalisar magoya baya da aka wajabta wa kulob tuntuɓarta.

A kakar 2023/24 aka ƙara kashi 2 cikin ɗari, aka ce tsadar gudanar da fili ce. A 2024/25 aka sake ƙara kashi 2, duk da cewa majalisar magoya baya ta nuna ƙin amincewa. Matasan tutoci suka sake janye tutocinsu ranar 11 ga Afrilu 2024 a wasan kofin Europa da Atalanta, wanda kulob ɗin ya sha kashi 3-0. Ba a janye ƙarin ba. Ranar 1 ga Disamba 2024 magoya bayan suka ɗaga ƙyalle ɗaya tare da na Manchester City a ƙarƙashin wata sabuwar fafutuka ta ƙasa, kwanaki kaɗan bayan Manchester United ta mayar da sauran tikitinta na kakar fam 66 ba rangwamen yaro ko tsoho. A farkon 2025 kulob ɗin ya sanar da cewa ba ƙari a kakar 2025/26. Tikiti mafi tsada a wannan kaka ya tsaya a fam 61.

## Me ya ci, me bai ci ba

Tattaki da ƙyallaye da janye tutoci ba su taɓa sauke farashin gida ba, ko a 2014 ko a 2024, domin duk ana yin su ne fili yana cike. Ƙaurace wa Hull ta bar gurabe, amma a gidan wani. Zaman wata 13 shi ma bai sauya lissafin kulob ba, sai dai ba a yi shi a banza ba: da shi ne wakilan suka san alƙaluman ciki, kuma da shi ne suka iya ce wa dattawan da ba sa son rigima an bi ta lalama an gaji. Da ba don haka ba, da wuya masu zama a kujeru masu tsada su tashi.

Ficewar ta ci ne saboda ta kauce wa tarkon da ya kashe sauran dabaru. Kowa ya riga ya biya, ba wanda ya rasa lissafinsa na wasanni, kuma kujerar da aka bari a minti na 77 ba a iya sayar wa wani. Kulob bai yi asarar kuɗi ba a ranar. Abin da ya taɓu shi ne hajar da yake sayar wa talabijin da kamfanonin talla, wato fili cike da mutane masu waƙa, kuma wannan kulob ya fi yawancin takwarorinsa dogaro da wannan suna. Aka ɗora fam miliyan 2 a kan sikeli, aka ɗora wancan suna da rabon fam biliyan 5.136 a ɗaya gefen. Masu kulob 'yan kasuwa ne, kwana huɗu suka ishe su.

Lambar ma ta taimaka. Kulob ya zo da kashi 64 da kashi 45 da kujeru 200, bayanin da sai an zauna an karanta. Magoya baya suka zo da 77, wadda take farashi kuma take minti a agogon wasa. A ganina kuskuren kulob mafi girma shi ne ya bari tsarinsa duka ya rataya a kan kujeru 1,200 a kaka, waɗanda ƙarin fam 18 a kowace bai kai fam 22,000 ba gaba ɗaya. Sa'a ma ta shigo: da an tashi 2-0, da labarin bai yi rabin wannan nisa ba.

Nasarar tana da iyaka. An hana hawa ne, ba a sauke ba, kuma fam 59 a 2016 kusan ladan awa tara ne ga mai ƙaramin albashi. Masu kulob sun koma kan salon da ya yi musu aiki tun 1994, ƙari kaɗan-kaɗan, kuma babu mai tashi daga kujerarsa a kan fam ɗaya. Ƙarin kuɗin da aka kasa samu daga bayan raga ana neman sa a kujerun manyan baƙi, inda ba ƙungiyar da ke sa ido. Duk da haka, a kakar 2025/26 tikitin gama-gari mafi tsada a filin yana ƙasa da abin da aka so a karɓa tun 2016 da fam 16.